An danna "aika", amma saƙon ya isa kuwa?

Ƴan uwa mata, yanzu masu ba da rance da dama ta imel suke son takardun ƙungiya. Sakatariya ta ɗauki hoton littafin asusu ta tura, mu zauna jiran amsa. Ranar rufe karɓa ta wuce, sai a ce ba a ga komai ba.

Sau tari saƙon bai ma bar wayar ba. In rezo ya yi rauni ko forfe ya ƙare, Gmail kan ajiye shi a akwatin saƙonni masu jiran fita. Can za mu fara leƙawa. Hotuna ma kan tare hanya: saƙo ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya wuce mega 25, don haka shafuka masu yawa a raba su kashi biyu ko uku.

Wadda ta fi cin mu ita ce cikar wuri. Giga 15 Google ke bayarwa kyauta, kuma ciki har da hotuna da ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android. Bidiyon biki da na suna, ai kun san halinmu! In ya cika, saƙo ba ya fita, ba ya shiga, sai an goge wasu.

Adireshi kuwa, harafi ɗaya ya kuskure, shi ke nan. A sa wata ta karanta shi da ƙarfi.

In an ce an ba mu amsa ba mu gani ba, mu duba akwatin saƙonnin banza. Bayan kwana 30 Gmail na share abin da ke ciki.