RUWAN MAYO KEBBI BA NA LAGDO BA NE: ABIN DA TASWIRA KE NUNA WA FATAKEN SHANU

 A wannan fitowa za mu ɗan ajiye maganar farashi da takardun kan iyaka, mu taɓa wata magana da ke ci mana dukiya kowace shekara ba tare da mun tsaya mun dube ta ba, watau maganar ruwa a ƙasar Bibemi, hanyar da shanun Cadi ke bi zuwa karar Adumri, daga nan kuma su nufi Garwa, ko Mubi, ko Yola.

Duk wanda ya taɓa zama a karar Adumri da marka ya san zancen. Da an ce kogi ya cika, sai ka ji wani ya ce, "Ai an buɗe Lagdo." Mu ma haka muka yi ta faɗa shekara da shekaru. Akwai wani ɗan ƙungiyarmu da ya taso garkensa daga wajen Pala, ya aiko aka duba masa, aka ce kwana uku ba a yi ko yayyafi ba a Bibemi, kuma babu labarin sakin ruwa daga dam. Ya ce wa yaransa su kora. Da suka iso mashigi sai suka tarar da jan ruwa baki da baki, yana tafe da itatuwa. Suka yi ta zama a gaɓa, kasuwa ta ci ba su, shanu suka rame, ga gonaki ta ko'ina, har sai da ya biya tarar ɓarna. Har yau Alhajin yana cewa an sako masa ruwa ne a ɓoye. To, ba a sako masa komai ba. Ruwan nasa daga wani waje ya fito.

Ga yadda abin yake. Madatsar Lagdo, wadda 'yan ƙasar Sin suka gina daga 1977 zuwa 1982, a kan Binuwai take, kudu da Garwa da kamar kilomita 50. Shi kuwa Mayo Kebbi, kogin da ya ratsa ƙasar Bibemi, ba ya bi ta Lagdo ko kaɗan. Daga Cadi yake fitowa, daga tafkunan Fiyanga da Tikem, ya faɗo ta gangaren dutsen da Turawa ke kira Gauthiot, ya shiga tafkin Lere, sa'an nan ya shigo Kamaru. Da shigowarsa sai Mayo Luti ya same shi a wajen Figil. Shi Mayo Luti daga duwatsun Mandara yake gangarowa, ta wajen Mokolo, ya wuce kusa da Gidar. Sai bayan duk wannan ne Mayo Kebbi ke zubawa cikin Binuwai, ƙasa da Lagdo, kafin a kai Garwa. Ke nan ko a rufe dam, ko a buɗe shi, ruwan da aka zuba a kan dutsen Mandara sai ya bi ta gabanmu. Iyakar abin da Lagdo ke iya yi mana shi ne, in an sako ruwa Binuwai ya tumbatsa, Mayo Kebbi ba ya samun inda zai zubar da nasa da sauri, sai ya yi ta taruwa a fadamun da ke kusa da mahaɗar.

Har ila yau akwai wata ƙofar da ba kowa ya san da ita ba. A shekarar da ruwa ya yi yawa, kogin Logon, wanda hanyarsa ta tafkin Cadi ce, yakan yi ambaliya a wajen Bongor da Ere, ruwan ya kwanto ta kwarin Tuburi ya faɗa tafkunan nan na Mayo Kebbi. Watau ruwan da ya kama hanyar tafkin Cadi sai ya juya ya ƙare a teku ta Nijeriya. Wani hafsan Faransa mai suna Lenfant ya bi wannan hanya da jirgin ruwa a 1903, daga Binuwai har Logon, ko da yake sai da aka ɗauke masa jirgin a ka a wajen gangaren dutsen. Ashe dai tun kafin a haifi kakanninmu an san da zancen, mu ne ba a gaya wa ba.

To, yaya masana ke gane wannan a yau, har su zana shi dalla-dalla, rafi da rafi? A nan ne aikin tauraron ɗan adam da kwamfuta ya shigo, kuma za mu yi ƙoƙarin bayyana shi yadda mu ma aka fahimtar da mu.

A watan Fabrairu na shekarar 2000, wani kumbon Amurka mai suna Endeavour ya yi kwana 11 yana kewaya duniya da na'urar rada, wadda ke aiki kamar amsa-kuwwa: ta aika saƙo ƙasa, ya dawo mata, daga nan a san tudu da kwari. Da haka aka auna tsawon ƙasa daga teku a mafi yawan duniya. Da farko ma'aunin da aka sake wa jama'a mai kauri ne, taki ɗaya mita 90. A 2014 aka saki na mita 30 na nahiyar Afirka, kyauta. Ku ɗauka an shimfiɗa wa ƙasar Bibemi tabarma mai gida-gida, kowane gida mita 30 tsawo, mita 30 faɗi, kuma an rubuta wa kowane gida tsawonsa. Sai kwamfuta ta tambayi kowane gida: in ruwa ya sauka a kanka, cikin maƙwabtanka takwas wanne ya fi gangara? Can ruwan zai bi. Sa'an nan ta ƙirga gida nawa ne ke zubo wa kowane gida. Inda gidaje dubbai suka taru suna zuba wa layi guda, nan ne rafi, ko da kuwa ranar da ka je busasshe ne ƙayau.

Daga nan ne ake fitar da abin da ya fi komai amfani gare mu, watau iyakar ƙasar da ke zuba wa kowane kogi. Ku dube shi kamar masaki: duk ɗigon da ya faɗa cikinsa gindi guda yake taruwa. Kowane mashigi yana da nasa masakin. Falke ba ya bukatar sanin ko an yi ruwa a inda yake tsaye, abin da yake bukata shi ne ya san ko an yi ruwa a cikin masakin mashigin da zai ƙetare. Da Alhajin nan ya buga waya Gidar ko Figil maimakon Bibemi, da ya ji labarin ruwansa tun yana hanya.

Masana kuma sukan ba rafuka daraja, bisa tsarin wani Ba'amurke mai suna Strahler na wajen shekarun 1950. Ƙaramar ƙorama da ba wanda ke zuba mata ita ce ta ɗaya. Biyu irinta suka haɗu, an sami ta biyu, haka har zuwa babban kogi. Wannan ba mu ga ya dame mu sosai ba. Wanda ya dame mu shi ne ɗan'uwansa, yawan magudana: a tara tsawon dukkan rafukan wani yanki a raba da faɗin yankin. Inda taswira ta nuna rafuka cunkus kamar jijiyar ganye, galibi ƙasar dutse ce ko mai tauri da gangara, ruwa ba ya nutsewa, gudu yake yi. Irin wannan wuri shi ne ke kawo ruwan ba-zata, ya cika cikin sa'o'i, ya kuma janye da wuri. Inda rafukan suka yi ƙaranci, ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce ko mai rairayi, ruwa na shiga ciki ko ya kwanta.

Da wannan za a gane cewa Mayo Kebbi hali biyu gare shi. Ruwan Mandara mai gaggawa ne, ja ne, ga laka da itace, wanda ya haƙura kwana ɗaya ko biyu sau da yawa yakan ga ya ragu. Ruwan da ya biyo ta tafkunan Cadi kuwa a hankali yake zuwa, domin tafki yakan riƙe ruwa ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, shi ya sa kogin kan daɗe a cike bayan sama ta ɗauke. Wannan ba a jiransa a gaɓa da garke ɗari. In ka ga irinsa, ka nemi wata dabara tun da wuri, ko mota, ko ka sayar a inda kake. Tsofaffin 'yan kore sun san bambancin da ido, da launin ruwan ma kawai. Taswira ta zo ne ta faɗi dalili.

Sai kuma rani, wanda a ganinmu shi ne babbar asarar da ba a ji, tunda ba ta zuwa da ƙara. Babban sa yakan sha lita 30 zuwa 40 a rana in bazara ta kama. Garken shanu 100 ke nan yana neman duro 15 zuwa 20 kullum. Dabbar da ta kwana biyu tana tafiya ba isasshen ruwa, dillali na hango ta zai karya kuɗinta. A nan hotunan sama suke taimakawa. Taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton ƙasa tun 1972, kuma tun 2008 ake ba da hotunan kyauta. Na Turai, Sentinel-2, ya tashi a 2015, yana ganin abin da ya kai mita 10. In aka jera hotunan wuri guda na wata-wata, shekara bayan shekara, sai a ga wane tafki ne ke kai wa Maris da ruwa, wanne ne ke ƙafewa tun Disamba, wanne ne kuma yashi ke cinyewa a hankali. Da damina gajimare yakan rufe hoto, amma Sentinel-1, wanda aka harba a 2014, da rada yake aiki, yana ganin ambaliya ta cikin gajimare, ko da dare. Manhajar da ake wannan aiki da ita ma akwai ta kyauta, ana kiranta QGIS, kuma ɗalibanmu da suka yi karatun ƙasa a jami'a da yawa sun iya ta.

Sai dai kada a ɗauka mun zo tallar taswira ne. Tana da makanta. A shimfiɗaɗɗen wuri irin fadamun da ake dasa masakwa, kuskuren mita biyu ko uku ya isa ya sa kwamfuta ta zana rafi inda babu shi. Ba ta ganin ruwan da ke ƙarƙashin yashin mayo, wanda Bafillace ke tonawa kamu biyu ya shayar da garkensa a tsakiyar rani. Ba ta san tafkin da ke sa wa shanu ciwon hanta ba, ba ta san inda ƙudan tsando yake ba, balle dorina. Ba ta san dajin da zargina da masu satar mutane ke kwana ba. Kazalika in ta nuna alamar ruwa a ƙarƙashin ƙasa, alama ce kawai, sai an zo an auna a wurin kafin a zuba kuɗi a haƙa burtsatse.

Amma ga inda maganar ta fi zafi. Tun daga shekarun 1970, lokacin da aka fara shirin zaunar da manoma daga arewa mai nisa a arewa maso gabashin Binuwai, ƙasar nan take cika. Ga auduga, ga masara, ga albasa a bakin mayo, ga masakwa a fadama daidai lokacin da shanu ke saukowa. Daga kudu kuma ga gandun dajin Binuwai da na Buba Njida da yankunan farauta da ke kewaye da su. Manomi ba abokin gabarmu ba ne, shi ma ruwan yake bi kamar mu. Sai dai gonar auduga tana da takarda, gandun daji yana da iyaka a taswira, mu kuwa burtalinmu da mashayarmu a kan 'yan kore kawai suke. Ran da rigima ta tashi aka je gaban kwamitin sasanta manoma da makiyaya, wanda dokar Kamaru ta 1978 ta ɗora wa sufurefe shugabancinsa, ka ce "nan kakanninmu ke shayarwa," sai a ce ina shaida? Hoton sama zai nuna ruwa, zai nuna gona, amma ba zai rubuta cewa wannan mashayar fatake ce ba sai in mu muka rubuta. Wanda ke zaune a ofis a Garwa ko Yawunde yana tsara inda za a yi gonar shinkafa ko a haƙa tafki, abin da ke kan taswirarsa shi yake gani.

'Yan'uwanmu na ɓangaren Nijeriya su ma su lura. A ambaliyar 2012 da ta 2022 sunan Lagdo ne a bakin kowa, kuma gaskiya ne an sako ruwa a shekarun biyu, gaskiya ne kuma madatsar Dasin Hausa da aka ce za a gina a ƙaramar hukumar Fufore don tare shi ba a gina ta ba. Amma ruwan da ke isa Yola ba na Lagdo kaɗai ba ne. Mayo Kebbi da kogin Faro duka a ƙasa da dam suke shiga Binuwai, ba kuwa wanda ke riƙe da makullinsu. Wanda ya ajiye shanu a fadamar Binuwai yana jiran sanarwar rediyo kawai, ruwa na iya riga sanarwar isowa.

Saboda haka ga abin da muke roƙo, kuma ba ya cin ko sefa ɗaya. Yawancin wayoyin hannu na yanzu suna da na'urar GPS mai nuna matsayin mutum, kuma tana aiki ko babu layi. Duk mai garke a hanya ya sa yaronsa mai waya, in sun isa mashigi, ko mashaya, ko rijiyar yashi, ko inda gona ta toshe burtali, ya tsaya a wurin ya ajiye lambobin da wayar ta nuna. Ya haɗa da sunan wurin yadda mutanen garin ke kiransa, da ranar da suka iso, da zurfin ruwan a jikin sa, ko ƙauri, ko gwiwa, ko ciki, ko iyo. A gaishe da arɗo ko jauron wurin kafin a yi, a gaya masa dalili, don kada a ɗauka filin wani ake aunawa. Wanda yaronsa bai iya ba, ya turo shi ofishin ƙungiya ranar kasuwa a nuna masa, abin ba ya ɗaukar rabin sa'a. Za mu fara tattara na hanyar Lere zuwa Adumri, in ta kammala mu kai kofi ɗaya fadar Lamiɗo, ɗaya ofishin dabbobi, ɗaya kuma ya zauna a hannun sakatare.