Taƙaitawa a Madadin Littafi: Yadda Ɗalibai Ke Karatun Adabin Duniya a Yau

Malaman adabin Ingilishi a sakandare da jami'a sun saba da wani irin ɗalibi: zai zayyana maka labarin Wuthering Heights tiryan-tiryan, ya jero jigoginsa, alhali bai taɓa buɗe littafin ba. Taƙaitawa ya karanta, a waya ko a ɗan littafin shirin jarrabawa.

Ɗabi'ar ta daɗe. Tun 1958 aka fara buga littattafan taƙaitawa na CliffsNotes a Amurka, makamancinsu SparkNotes kuma ya bayyana a intanet a 1999. Abin da ya sauya shi ne fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022. A da ɗalibi yakan ari labarin ne kawai, yanzu har sharhin ana rubuta masa.

Saurin ɗora laifin kan lalaci bai dace ba. Emily Brontë ta fitar da Wuthering Heights a 1847, kuma ɗaya daga cikin mutanen ciki, Joseph, da karin harshen Yorkshire yake magana, wanda ko Turawan ma yana ba su wuya. Shakespeare kuwa Ingilishinsa ya haura shekara 400. Yaron da Ingilishi yake harshensa na biyu ko na uku, ga tsadar littafi, ga ɗakin karatun makaranta wayam, ba mamaki ya nemi gajeriyar hanya. Sai kuma jarrabawar kanta. Jerin littattafan WAEC na 2021 zuwa 2025 ya haɗa da Wuthering Heights da Invisible Man na Ralph Ellison da A Midsummer Night's Dream na Shakespeare, kuma tambayoyin Shakespeare na canki-canka ne: wa ya faɗi kaza, wa aka faɗa wa. Wanda ya haddace taƙaitawa da tsofaffin tambayoyi yana iya hayewa. A ganina wannan ne babban dalili, domin ɗalibi abin da ake ba shi maki a kai yake bi.

Taƙaitawa tana da amfaninta. Wanda ya san inda labari ya dosa ba ya saurin karaya da jimloli masu sarƙaƙiya. Asarar tana wani wuri ne daban. A Wuthering Heights, yawancin labarin daga bakin Nelly Dean yake fitowa, mai aikin gidan, tana ba wani baƙo mai suna Lockwood. Nelly tana da waɗanda take so da waɗanda take ƙi, kuma da hannunta a wasu abubuwan da suka faru. Shin a yarda da ita? Nan ne nazarin yake. Taƙaitawa kuwa takan miƙo abin da ya faru tamkar hukuncin kotu, sai ɗalibi ya fita da labari ba tare da ya san akwai abin tuhuma ba.

Tarihin Chinua Achebe ya nuna girman wannan asara. Yana ɗalibi a Ibadan ya karanta Mister Johnson na Joyce Cary, littafin 1939 da aka gina labarinsa a Arewacin Nijeriya, ya ga yadda aka siffanta baƙar fata, abin bai yi masa daɗi ba. Wannan na cikin abin da ya zaburar da shi ya rubuta Things Fall Apart, wanda ya fito a 1958. A 1975 kuma ya gabatar da lacca a Jami'ar Massachusetts inda ya tuhumi Heart of Darkness na Joseph Conrad da wariyar launin fata, hujjojinsa kuma daga kalmomin Conrad ya tsamo su, jimla bayan jimla. Da taƙaitawa ya dogara da ita, da ra'ayin mai taƙaitawar zai maimaita.

Abin mamaki, mu ba baƙin sharhi ba ne. A karatun zaure, almajirin da ke karanta Muƙamatul Hariri da sharhi yake tafiya, amma matanin yana gabansa, malam yana fassara masa kalma bayan kalma. Ba a taɓa ɗaukar sharhi a ajiye matani ba. Haka kuma magabata sun nuna wata hanyar sauƙaƙa wa mai karatu: Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da Twelfth Night zuwa Daren Sha Biyu, Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da Animal Farm zuwa Gandun Dabbobi. Fassara cikakkiya tana kawar da katangar harshe ba tare da ta yanke naman littafin ba, sai dai irin wannan aiki bai yawaita ba.

Hana ɗalibai waya ba zai gyara komai ba. Gyaran yana hannun masu tsara jarrabawa da malamai: a ɗauko shafi guda daga littafin, a ajiye gaban ɗalibi, a ce ya bayyana abin da marubucin yake yi a wurin da hujja daga shafin. Sassan Hausa na jami'o'inmu kuma su farfaɗo da aikin fassara.