Tattakin Safe da Madubin Hangen Nesa a Aljihu

Iyayenmu dattawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, balle mai hawan jini ko ciwon suga. Amma mun sani, tafiyar da babu abin kallo ba ta ɗorewa. Ƙaramin madubin hangen nesa na magance wannan. Mai lamba 8x25 ya isa: yana kusanto da abu sau 8, yana shiga aljihu, kuma bai kai mai 10 rawa a hannun tsoho ba.

Idan gari ya waye sosai, a dajin Achimota ko lambun Legon za mu ga shirwa, hankaka da balbela. Ungulu kam ta yi wuyar gani yanzu. Mu tsaya cik kafin mu ɗora shi a ido, kada mu faɗa kwalbati. Kada a kalli rana da shi, yana makantarwa.