Tsohon gilashin kyamara bai mutu ba: yadda ake ɗaura shi a kan kyamarar zamani

Matashin da ya saba ɗaukar hoto da waya, ya kuma fara tunanin sayen kyamara don ya riƙa ɗaukar biki da suna a Gesse da sauran unguwannin Birnin Kebbi, yakan ci karo da matsala guda. Bayan ya tara kuɗin kyamarar da ƙyar, sai ya tarar gilashin da ake ɗaura mata a gaba, wanda shi ne ke fitar da kyan hoto, wani lokaci ya fi ita kanta tsada. Wanda ake haɗawa da ita a kwali kuwa ba ya narkar da bayan hoto yadda amare ke so.

Akwai hanya mai sauƙi da da yawa ba su sani ba. Kafin zuwan kyamarar dijital, masu hoto na amfani da kyamarori irin su Zenit da Yashica da Pentax, masu cin fim ɗin da ake kaiwa wanki. Fim ya yi wuyar samu, an jefa kyamarorin a akwati. Amma gilasansu ba ruwansu da fim. Ƙarfe ne da gilashi zalla, babu batir, babu manhaja, kuma mafi yawansu na aiki har yau.

Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Helios 44-2, mai milimita 58 da ƙofar haske f/2, wanda aka ƙera da yawan gaske a Tarayyar Sobiyet don kyamarar Zenit, bisa tsarin Biotar na kamfanin Zeiss na Jamus. Idan aka buɗe ƙofarsa duka aka ɗauki mutum a gaban bishiya, ganyen da ke baya sai ya narke ya yi kamar yana juyawa. A da ana ganin wannan aibi ne, yanzu shi ake nema. Har a fim ɗin Dune: Part Two na 2024 an yi amfani da tsofaffin gilasan Sobiyet da aka sake wa gida. Waya ma tana narkar da bayan hoto, amma da lissafi take yi, shi ya sa takan cinye gefen gyale ko bakin hula. Gilashi ba ya wannan kuskuren.

Inda ake asarar kuɗi shi ne wajen haɗawa. Kowane gilashi an ƙera shi ne ya zauna a wata tazara daga fim ko sensa. Helios da takwarorinsa masu bakin murɗawa, wanda ake kira M42, suna buƙatar kusan milimita 45.5. Kyamarar Sony marar madubi tazararta milimita 18 ce kacal, ta Fujifilm kuma 17.7. Saboda haka abin da ake buƙata shi ne adafta, wato zoben ƙarfe marar gilashi da zai cike ragowar tazarar, kuma shi ne mafi arha a duk harkar. Canon mai madubi tana da milimita 44, don haka M42 na hawa kanta da siririn zobe. Nikon mai madubi ce matsala: tazararta 46.5, ta zarce abin da gilashin ke buƙata, don haka abu mai nisa ba zai taɓa fita tas ba sai da adafta mai ƙarin gilashi, wanda ke rage kyan hoton. Haka tsohon gilashin Canon FD, mai milimita 42, ba ya zama daidai a kan Canon mai madubi, duk da sunan kamfaninsu ɗaya. Mai niyyar wannan harka, gara ya nemi marar madubi tun farko, ko da ta hannu ce.

Bayan an ɗaura, kyamarar ba za ta san akwai gilashi ba, tunda babu wayar da ke haɗa su. A Sony sai an kunna "Release w/o Lens" kafin ta yarda ta ɗauka. Saitin hoto da hannu ake yi, ta hanyar murɗa zobe, amma akwai "Focus Peaking" da ke shafa launi a kan duk inda ya fita tas. Kuma a kan ƙaramar sensa irin ta Sony a6000, milimita 58 kan koma kamar 87, wanda ya yi daidai da hoton fuska amma ya yi ƙunci ga hoton dangi a cikin ɗaki.

To ina amfaninsa a Argungu? Bikin kamun kifi, wanda aka fara a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, wuri ne da ke nuna iyakar wannan gilashi. Lokacin da dubban masunta suka ruga cikin Matan Fada da homa da gora, babu hannun da zai iya bin su da murɗa zobe a f/2. Dabarar tsofaffin masu hoto ita ce a tsuke ƙofar zuwa f/8, a saita nisa tun kafin a ba da alama, a jira mutane su shigo wurin da aka saita. Ga mai tsayawa a bakin ruwa, tsohon gilashi mai milimita 135 ya fi Helios amfani. Shi Helios wurinsa bayan an fito ne, ga masunci rungume da giwan ruwa, ko makaɗa kafin a fara. Kuma kada a yi gangancin sauya gilashi a filin, domin ƙurar taron kai tsaye take sauka a kan sensar kyamara marar madubi.

Kafin a biya kuɗi, a haska fitilar waya ta cikin gilashin. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Abu mai kama da saƙar gizo fumfuna ce da damina ke haifarwa, kuma idan ta daɗe tana cin rufin gilashin, wankewa ba ta gyara shi. A murɗa zoben ƙofar haske a ga ko ruwan wuƙaƙen na motsi ba tare da mai a jikinsu ba, a kuma murɗa na saiti daga farko har ƙarshe a ji ko yana cijewa. Wasu Super-Takumar 50mm f/1.4 na Pentax kan yi ruwan ɗorawa saboda sinadarin toriyom da ke cikin gilashinsu; wannan ba lalacewa ba ce, hasken rana na kwanaki na rage shi.

A kan samu waɗannan gilasai a shafukan saye da sayarwa na intanet, amma farashin Helios ya tashi tun da masu fim suka waiwaye shi. Ya fi kyau a fara da tambayar dattijon mai hoto na unguwa ko akwatinsa na nan, a kuma tafi da kyamarar da adaftar a gwada a gabansa.