Fis ko Bireka: Zaɓen Abin Tsaron Wayoyin Lantarki a Jirgin Ruwa

Gabatarwa

Idan gobara ta tashi a gida, mutane sukan fita waje su nemi agaji, amma idan ta tashi a jirgin da yake tsakiyar kogi ko teku, babu wurin gudu sai cikin ruwa. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan abubuwa biyu da ake amfani da su don hana wayoyin jirgi haddasa gobara, wato fis da bireka, da kuma yadda ake zaɓen wanda ya dace da kowane wuri.

Aikinsu

Da farko, ya kamata a fahimci cewa babban aikin fis ko bireka shi ne tsare wayar da take ɗauko wuta daga batir. Kowace waya tana da iyakar wutar da za ta iya ɗauka gwargwadon kaurinta, kuma da amfiya ake auna wannan wuta. Girgizar inji da laima sukan cinye robar da ta rufe waya. Da zarar wayoyi biyu sun haɗu tsirara, batir mai bolt 12 yana iya turo ɗaruruwan amfiya, waya ta yi ja zur, roba ta kama da wuta. Saboda haka ake sa wani abu a hanya wanda zai yanke wutar kafin waya ta yi zafi.

Bambancinsu

Fis ɗan siririn ƙarfe ne da yake narkewa idan wuta ta wuce kima. Yana da araha, kuma ba shi da wani sashe mai motsi da zai cije. Aibinsa shi ne sau ɗaya yake aiki. In ya ƙone sai an canja shi, abin da yake da wuya cikin duhu a kan igiyar ruwa. Bireka kuwa makunni ne da yake kashe kansa, ana iya mai da shi da ɗan yatsa bayan an gyara matsalar. Sai dai ya fi tsada, kuma irin wanda yake aiki da zafi yakan faɗi da wuri idan an kafa shi a ɗakin inji.

Ƙa'idojin Zaɓe

Ƙa'ida ta farko ita ce kada adadin amfiyar fis ya wuce abin da waya za ta iya ɗauka. Alal misali, fitila mai wat 60 a kan batir mai bolt 12 tana jan amfiya 5. Ke nan ana bukatar fis da ya ɗara 5 kaɗan, kamar mai 7.5, tare da wayar da ta fi ƙarfin haka.

Ta biyu, wurin da aka sa shi. Hukumar ABYC ta Amurka, wadda aka kafa a 1954 don tsara ƙa'idojin ƙera ƙananan jiragen ruwa, ta shar'anta a sa abin tsaro cikin inci 7 daga inda waya ta ɗauko wuta, sai fa wayar sitata da aka keɓe. Dalili kuwa, duk wayar da take tsakanin batir da fis ba ta da mai tsaro.

Ta uku, ƙarfin yanke wuta. Wutar gida takan sauya alkibla, tana sauka zuwa sifiri sau 100 a kowace daƙiƙa, don haka tartsatsinta yana da sauƙin mutuwa. Wutar batir alkibla ɗaya take bi, tartsatsinta yakan ci gaba da ci. Wannan ya sa bai dace a ɗauko birekar gida a sa a jirgi ba, sai in an rubuta a jikinta cewa tana ɗaukar wutar batir. Haka kuma baturan litiyam, da yake suna iya turo dubban amfiya a lokaci guda, akan haɗa su da fis ajin T, mai iya yanke amfiya 20,000.

Ta huɗu, a duk inda tururin fetur yake taruwa, dole ne a yi amfani da rufaffen fis ko bireka wanda tartsatsinsa ba ya fitowa waje.

Kammalawa

A taƙaice, tsarin da ya fi dacewa shi ne a haɗa su biyun: babban fis a bakin batir, sa'an nan bireka a allon makunnai don fitilu da rediyo da sauran kayan da ake kunnawa kullum. Famfon kwashe ruwa kuwa a ba shi fis daidai adadin da maƙeransa suka faɗa. Idan fis ya ƙone, alama ce ta ciwo a jikin waya, sai a nemo ciwon a gyara. Wanda ya ɗaure gurbinsa da zaren waya, ko ya sa wanda ya fi shi girma, ya mai da wayar jirgin ita ce za ta ƙone a madadinsa.