Tukunyar Iska Da Masu Nutso Na Ƙasarmu

A ƙarshen watan Nuwamba 2021 kwale-kwale ya kife da 'yan makarantar Islamiyya a madatsar ruwa ta Watari, ƙasar Bagwai. Masu nutso na wurin suka yi ta lalube, ba su da guzuri sai numfashin ƙirjinsu. Kowa ya ji wannan zai ce a sayo musu tukunyar iska ta goyo, irin wadda Cousteau da Gagnan suka ƙago a Faransa cikin 1943.

To, madalla. Amma muna jan kunnen akawun da zai rubuta takardar saye. Gwaninmu da riƙe numfashi ya saba, wannan kuwa shi ne ajalin mai goye da tukunya. Iskar da aka shaƙa a zurfin mita 10 ninki biyu take kumbura kafin a iso sama. In mutum ya riƙe ta, huhu ya yage. Saboda haka a rubuta ladan mai koyarwa gaba da kuɗin kaya.

Tabarau na ruwa kuwa, a manna shi a fuska, a ja iska ta hanci. In ya zauna, ya yi daidai. Amma cikin jan ruwan damina, igiya a ƙugu da mai riƙo a sama sun fi shi amfani.