Yatsan da Aka Binne a Bayan Injin Casa

A kakar shinkafar bara na tsaya wurin wani injin casa a kan hanyar Jega zuwa Maiyama, sai bel ya fizge kan babban yatsan wani saurayi a gabana. Kafin mu gama ɗaure masa hannu, wani dattijo ya tona rami ya binne guntun, cikin girmamawa da kyakkyawar niyya. Ni ma, da duk karatuna, ban hana shi ba. Abin na damuna har yau.

Mayar da yatsan da ya guntule ba sabon abu ba ne. Tun 1965 likitoci biyu a Japan, Komatsu da Tamai, suka mayar da babban yatsan da ya rabu da hannu ɗungurungum. Ana kafe ƙashi da siririn ƙarfe, sannan a ɗinke hanyoyin jini ƙarƙashin madubin ƙara girma, alhali kaurin wasunsu a kan yatsa bai kai milimita 1 ba. Jijiyar ji kuwa a hankali take tofowa, kimanin milimita 1 a rana, don haka sai an yi watanni ana motsa hannu kafin mutum ya iya ɗaukar allura. Likitoci na ƙiyasta babban yatsa da kashi 40 cikin 100 na amfanin hannu.

Abin da ya fi shafarmu shi ne sa'ar farko. Yatsa ba shi da tsoka, saboda haka yana jure rashin jini na kusan awa 12, idan an sanyaya shi kuma har 24. A naɗe guntun da tsumma mai tsabta mai ɗan laima, a ƙulle a leda, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara. Kada ƙanƙarar ta taɓa naman. Mai sayar da zoɓo a kasuwar Jega ma na da waɗannan kaya.

Aliero gari ne da ya yi suna da ɗori, kuma ina ganin girman masu wannan sana'a. Sai dai ɗori na ƙashi ne, ba ya haɗa hanyar jini. A wuce da mutum da guntunsa babban asibiti a Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Ba kowane yatsa ne ke komawa ba, musamman wanda inji ya murƙushe, amma likita ya kamata ya yanke wannan hukunci.

Saurayin nan ya warke. Kwanan baya na gan shi yana fama da ɗaure bakin buhu da yatsu huɗu.